Yadda Za Ka Tace Ra'ayoyin 'Yan Kallo Kafin Ka Zauna Wa Fim ɗin Barkwancin Siyasa

A ranar 2 ga Fabrairun 1996 aka saki wani fim a Amurka mai suna Black Sheep. Gene Siskel, mai sharhin fina-finai na jaridar Chicago Tribune, wanda ya shafe sama da shekara ashirin yana wannan aiki, bai iya zama ya ga ƙarshensa ba, tashi ya yi ya bar ɗakin kallon. Abokin aikinsa a talabijin, Roger Ebert, shi ma bai yabe shi ba. Amma talakawa suka yi ta sayen tikiti har fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 32 a Amurka, kuma yau, bayan kusan shekara talatin, idan ka leƙa intanet za ka tarar da mutane suna rantsuwa cewa ba su taɓa dariya irin wadda suka yi a kansa ba.

To wa za ka gaskata? Kai da ke shirin kashe data ka sauke fim, ko ka tara iyali bayan sallar isha'i, tambayar ba ƙarama ba ce. Ni ina son irin waɗannan fina-finai, kuma yana min ciwo in ga mutum ya yi cinikin biri a sama saboda taurari biyar da wani ya danna, ko ya guji abin da zai faranta masa saboda wani malamin sharhi ya yamutsa fuska. Ga hanyar da nake bi, kuma zan riƙe wannan fim ɗin a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe.

Mataki na farko: san irin fim ɗin kafin ka saurari kowa

Kada ka fara da maki. Fara da labarin, a taƙaice, da sunayen waɗanda suka yi shi.

Labarin Black Sheep ɗan gajere ne. Wani mutum mai suna Al Donnelly yana takarar gwamnan jihar Washington, wadda ke arewa maso yammacin Amurka, daban take da birnin Washington inda fadar shugaban ƙasa take. Yana karawa da gwamna mai ci, wata mace mai suna Evelyn Tracy. Yana da ƙane, Mike, ƙato mai kyakkyawar zuciya, wanda duk abin da ya sa hannu a kai don taimakon yayansa sai ya zama ɓarna. Sunan fim ɗin ke nan: abin da mu za mu ce yaron ya fita zakka a gidansu. Sai aka haɗa shi da wani ɗan kamfen siriri mai tsiwa, Steve, aka ce ya tsare shi nesa da 'yan jarida har a gama zaɓe. Chris Farley ne ya fito a Mike, David Spade a Steve. Penelope Spheeris ce ta ba da umarni, Lorne Michaels ya shirya. Tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Daga nan ka riga ka san abu biyu. Dariyar fim ɗin a jiki take: faɗuwa, tuntuɓe, karo da bango, ihu. Sannan an gina shi ne a kan mutum biyu da ba su dace da juna ba, ƙato da siriri, tsohon salon da 'yan barkwancin nan biyu na fina-finan Amurka, Laurel da Hardy, suka yi suna da shi tun kafin a haifi iyayenmu. Bahaushen da ya tashi da kallon camama, ya ga yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ke sa ɗaki ya kaure da dariya da tafiyarsa kawai kafin ya buɗe baki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan dama irin wannan barkwancin ba ya burge ka, to ka gama bincike, ra'ayin mutum dubu ba zai canza maka ɗanɗano ba.

Mataki na biyu: gane yadda aka haɗa lambar da kake gani

Mutane da yawa suna ganin kashi kaza cikin ɗari a shafukan intanet masu auna fina-finai su ɗauka makin jarrabawa ne. Ba haka ake lissafin ba, kuma kowane shafi da nasa ma'auni.

A Rotten Tomatoes lambobi biyu ne. Ta farko ta masu sharhi ce, waɗanda sana'arsu ke nan. Ana ƙirga nawa ne a cikinsu suka ce fim ya yi, nawa suka ce bai yi ba. Idan masu yabon sun kai kashi 60 sai a sa masa jan tumatir. Wannan lambar ba ta gaya maka ƙarfin yabon ko ƙarfin kushen. Black Sheep a nan bai samu ko kashi ɗaya cikin uku ba. Ta biyun ta 'yan kallo ce, kuma ana ƙirga waɗanda suka ba da taurari uku da rabi zuwa sama. A IMDb kuwa kowa yana ba da maki daga 1 zuwa 10, sai shafin ya fitar da matsakaici bisa wani lissafi nasa, kuma fim ɗinmu yana wajen shida. Letterboxd na amfani da taurari biyar har da rabi-rabi. Akwai kuma CinemaScore, waɗanda ke tsayawa a ƙofar sinima daren farko su tambayi masu fitowa, su ba da haruffa daga A zuwa F. Ka tuna waɗanda suka yi layi a daren farko dama masoyan jarumin ne.

Abin da za ka yi a aikace: a IMDb ka danna kan makin, zai buɗe maka jadawalin da ke nuna mutum nawa suka ba da 10, nawa suka ba da 9, har zuwa 1. Dubi siffarsa. Idan ya taru a tsakiya, fim ne da yawancin mutane suka ce ba laifi. Idan ya kumbura a sama ya kuma kumbura a ƙasa, mutane sun rabu gida biyu, kuma matsakaicin bai wakilci kowa ba. Aikinka shi ne gano gidan da kake.

Tazarar da ke tsakanin masu sharhi da 'yan kallo a irin wannan fim tana da dalili. Mai sharhi yana kallon fina-finai ɗaruruwa a shekara, sau da yawa a ɗakin da ba kowa sai 'yan uwansa masu biro da takarda. Ya ga mutum ya faɗi daga tudu sau babu adadi. Shi kuwa wanda ya dawo daga aiki a gajiye, ya zauna cikin abokai, faɗuwar sabuwa ce a wurinsa, kuma dariyar na kusa da shi tana kama shi. Dukkansu gaskiya suke faɗa game da abin da ya same su.

Mataki na uku: dubi ranar da aka rubuta ra'ayin, da shekarun da marubucin ya fara kallo

Nan ne na fi daɗewa, domin nan ne aka fi yaudaruwa.

Chris Farley ya rasu a Shikago ranar 18 ga Disambar 1997, yana da shekara 33, ƙasa da shekara biyu bayan fitowar wannan fim. Rotten Tomatoes kuwa sai a 1998 aka buɗe shi, Letterboxd a 2011. Ma'ana duk wani ra'ayin ɗan kallo da ka karanta a waɗannan shafuka biyu, bayan mutuwarsa aka rubuta shi. Mutanen da ke rubutun da yawansu yara ne a lokacin, sun kalli fim ɗin a kaset a falon gidansu, sun maimaita shi har sun haddace. Idan irin wannan mutum ya ba da taurari biyar, yana yaba ƙuruciyarsa ne da jarumin da ya rasa, fim ɗin yana bin baya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mu ma idan aka sako tsohon fim ɗin Ibro, akwai abin da ke motsawa a zuciya wanda ya wuce dariya. So hana ganin laifi ne. Sai dai kai da ba ka tashi da Farley ba, wannan kewar ba za ta shigo maka ta waya ba.

Don haka ka lura da kalmomin da ke tona asiri. Duk ra'ayin da ya fara da cewa tun yana ƙarami yake kallonsa, ko da mahaifinsa suke kallo, ko ya rufe da addu'a ga jarumin, ka ware shi gefe guda. Ka karanta shi don ka san darajar mutumin a wurin jama'arsa, kada ka auna fim ɗin da shi. Ra'ayin da kake nema shi ne na wanda ya ce yau ya fara ganinsa, yana babba. Irinsu kaɗan ne, sai ka yi haƙurin gungurawa ƙasa. A yawancin shafukan akwai wurin da za ka zaɓi a jera maka daga sabo zuwa tsoho. Yi amfani da shi.

Akwai wani rukuni kuma da ya kamata ka gane. Shekara guda kafin wannan, a 1995, Farley da Spade sun yi Tommy Boy, wanda shi ma ya tara kuɗi kusan daidai da wannan. Masu kushe Black Sheep da yawa ƙorafinsu ɗaya ne: an maimaita musu na farkon, kuma bai kai shi daɗi ba. Ƙorafin yana da tushe. Amma idan kai ba ka ga na farkon ba, maimaicin ba zai dame ka ba, sai dai ka ɗauki shawarar da ke ɓoye a ciki, wato ka fara neman wancan.

Mataki na huɗu: bar na sama da na ƙasa, ka karanta na tsakiya da biro a hannu

Wanda ya ba da 10 yakan rubuta layi biyu na murna. Wanda ya ba da 1 yakan rubuta layi biyu na fushi. Masu 5, 6 da 7 su ne ke zama su faɗi inda ya yi da inda ya gaza. Zaɓi guda goma sha biyar daga cikinsu. Ɗauki takarda, ka ja layi a tsakiya. A dama ka rubuta duk wata fitowa da aka ambata da yabo, a hagu duk wadda aka ambata da gajiya, kana sa ɗigo a gaban kowace idan wani ya sake ambatonta.

A Black Sheep za ka ga wasu wurare suna ta dawowa. Inda Mike ya gangaro daga tudu yana ta mirginawa kamar ba zai tsaya ba. Inda jemage ya shigo musu bukkar da aka ɓoye su a daji. Inda iskar gas mai sa maye ta cika motar 'yan sanda da suka aro, suna tafiyar hawainiya alhali suna jin kamar suna tashi sama. Idan mutanen da ba su san juna ba, a shekaru daban-daban, suka yi ta tuna wuri guda, to wurin yana da ƙarfi. Ƙirga su. Fim ɗin barkwanci na awa ɗaya da rabi da ke da wurare biyar ko shida irin waɗannan ya biya kuɗin datarka. Wanda kowa ke ambaton wuri ɗaya tak, nemi wannan guntun kawai ka kalla ka huta.

A ɓangaren hagu kuma ka kula da irin kushen. Wani zai ce labarin ba ya kama hankali. Wannan ba aibi ba ne babba a fim ɗin da mutum ke faɗowa daga dutse ya miƙe yana kakkaɓe riga. Amma idan mutane da yawa suka ce ihun ya yi yawa, ko tsakiyar fim ɗin ta yi sanyi, ko kuma an bar siririn ba abin yi sai kallon ƙaton, wannan kushe ne daga cikin gida, daga masu son salon. Shi za ka ɗauka da muhimmanci. A ganina na ƙarshen nan gaskiya ne a wannan fim: ƙarfin irin wannan haɗi yana cikin musayar magana tsakanin su biyun, kuma a nan an fi jingina komai a wuyan Farley shi kaɗai.

Mataki na biyar: cire siyasar mai magana daga siyasar fim ɗin

Da an ce fim ya taɓa zaɓe, wasu za su shigo da tutar jam'iyyarsu. Za ka gane su da wuri, domin ba sa ambaton ko fitowa ɗaya, sai sunayen 'yan siyasa na zahiri. Tsallake su.

Sannan ka tambayi kanka nawa ne nauyin siyasar a labarin. 1996 shekarar zaɓe ce a Amurka, Bill Clinton ya kara da Bob Dole, kuma a jihar Washington ta gaske an yi zaɓen gwamna wanda Gary Locke ya ci. Fim ɗin bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, 'yan takararsa ƙirƙirarru ne, kuma bai tsaya kan haraji ko wata manufa ba. Kamfen a wurinsa ƙusa ce da aka rataya barkwanci: motar lasifika, raba takardu gida-gida, ɗan jarida mai neman hoton abin kunya. Wanda ya zo neman zambo mai kaifi a kan masu mulki zai koma hannu rabbana, kuma ra'ayinsa zai yi zafi saboda abin da ya sa rai, ko da fim ɗin bai taɓa yi masa alkawarin hakan ba.

Wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshen labari ya tsallake wannan sakin layin. Bayan an sanar da cewa gwamna mai ci ta lashe zaɓe, Mike, wanda kowa ya raina, shi ne ya lura cewa ƙuri'un da aka ƙirga a gundumar Garfield sun fi yawan masu rajista, daga baya kuma aka gano wasu masu zaɓen sun daɗe a maƙabarta. Garfield gunduma ce ta gaske, ita ce mafi ƙarancin jama'a a jihar. Ba'amurken 1996 zai iya kallon wannan a matsayin dabarar rufe labari. Mu da kalmar aringizon ƙuri'u ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, wurin yana iya taɓa mu fiye da yadda ya taɓa su. Babu ra'ayin da za ka karanta daga can da zai auna maka wannan.

Mataki na shida: me zai ƙetaro zuwa falonka, kuma wa ke zaune a falon

Faɗuwa ba ta buƙatar tafinta. Baƙar magana kuwa tana buƙata. Barkwancin Spade a baki yake, gajerun maganganu masu cizo da Turancin Amurka, cike da shaguɓen da sai ɗan ƙasa. Idan ra'ayoyin da ka tara sun fi yabon maganganu, kuma masu kallo a gidanka ba su saba da wannan Turancin ba, rage maki ɗaya a zuciyarka. Idan sun fi yabon abin da ido ke gani, ƙara ɗaya.

Sai batun tarbiyya, wanda yawancin masu rubutun can ba sa kawowa domin ba ya cikin damuwarsu. An sa wa fim ɗin alamar PG-13, wato ana jan hankalin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. Ma'auninsu ne, ba namu ba. A cikinsa akwai ashar, akwai giya, akwai inda Mike ya bugu da hayaƙi a bayan dandalin wani taron kiɗa ya hau mumbari yana sambatu. IMDb na da sashen jagorar iyaye a shafin kowane fim, inda ake lissafa irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ya isa ka karanta shi. Ya fi maka a ce kana neman rimot a gigice gaban surukarka.

Mataki na bakwai: gwajin minti ashirin

Gani ya kori ji. Kada ka dogara da tallar fim, domin masu haɗa ta sukan kwashe mafi daɗin wuraren su cusa a minti biyu. Kunna fim ɗin kansa, ka ba shi minti ashirin, kuma kada ka kalla kai kaɗai.

Ranar da na gwada wannan, ni da ƙanena ne a tsakar gida, an ɗauke wuta, waya a jingine da butar shayi. Ba ya jin Turancinsu sosai. A farkon fim ɗin Mike yana tuƙa motar kamfen yana kwarara kirari a lasifika, karnuka suka biyo shi, ya ƙarasa ya afka wa gaban wani gidan sinima. Yaron ya tuntsire har ya buge kofi, ya ce, "Yaya, don Allah mayar baya in sake gani." Da aka zo wuraren doguwar magana sai na ga ya koma danna wayarsa. A minti ashirin ɗin nan na ga duka ɓangarori biyu na takardata, dama da hagu, a fuskar mutum ɗaya.

Ka ƙirga sau nawa aka yi dariya da sauti, ba murmushi ba. Uku zuwa sama a minti ashirin, ci gaba. Ƙasa da haka, kashe, domin irin waɗannan fina-finai ba su cika gyaruwa a tsakiya ba.

Mataki na takwas: idan ka gama, bar wa na baya abin da zai amfane shi

Ra'ayoyin Hausawa a kan irin waɗannan fina-finai sun yi ƙaranci, shi ya sa muke aron idon wasu. Idan za ka rubuta naka, ko a Facebook ne ko a zauren WhatsApp, faɗi shekarunka a ƙiyasce, ko karon farko ne, da wa ka kalla, da fassara ko babu. Ambaci wuri biyu da suka ba ka dariya da wuri ɗaya da ka gaji. Faɗi ko za a iya kallo da yara. Kada ka tona ƙarshe ba tare da gargaɗi ba.

Nawa a kan Black Sheep ga shi: na fara ganinsa ina babba, ba ni da wata tsohuwar shaƙuwa da jarumin. Gangarowa daga tudu da motar 'yan sanda sun sa ni dariya sosai, tsakiyarsa ta ja ni barci, kuma na ji tausayin Mike fiye da yadda na zata, musamman inda yake ganin ya zame wa yayansa kaya. Ba zan kunna shi gaban yara ba. Shida cikin goma na ba shi, ƙanena ya ce shi takwas.